Yadda Na Koma Injiniya Mai Buhu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ta tsakiyar bazara a Wurno ba, ko da ma na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, amma har gobe idan na ratsa kasuwa akan sami wani dattijo ya ɗaga murya daga rumfa ya ce, "Mai Buhu, ina gajiya?" Ni kuma sai in amsa, don ni na jawo wa kaina.

A lokacin aikina gyaran injin ban-ruwa ne. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni hannu. Injin da ya ƙi tashi, in na kwance shi na wanke na ɗaure, sai ya tashi. Shekarun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isowa gonaki ne, injina sun yawaita a fadama, masu albasa da masu shinkafa kowa nemana yake yi. Da wasa aka fara ce mini Injiniya, da wasa na fara amsawa. Kafin shekara ta zagayo na yarda da gaske, har ta kai in wani ya kira ni da sunan yanka sai in ji kamar ya rage mini wani abu. (Laifina na farko ke nan, kuma sauran duk daga cikinsa suka fito.)

Aiki yakan kai ni Goronyo, kuma can na san Baba Bitrus. Ma'aikacin asibiti ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a ƙasarmu har yara na ce masa Baba Likita. Ranar da bel ɗin inji ya tsaga mini yatsa shi ya ɗinke, yana ɗinki yana yi mini faɗa. Daga nan muka saba, in na je garin sai na biya gidansa na gaishe shi.

A ɗakinsa na fara ganin abin da ya zama sanadin sunana. Amfilifaya ce, wato akwatin da ke karɓar sauti daga faifai ko kaset ya ƙara masa ƙarfi ya tura wa sifika. Amma tasa ba irin ta kanti ba ce. Tsohuwa ce, nauyinta kamar dutsen niƙa, samanta raga ce ta ƙarfe, ta cikin ragar kana hango wasu kwalabe a tsaitsaye kamar ƙwan fitila. Masu gyaran rediyo bawul suke ce musu. In an kunna ta ba ta cewa komai sai an ɗan jima, sai kwalaben su yi ja kamar garwashi, sannan sauti ya taso a hankali. A Kaduna ya saye ta shekarar da ya auri matarsa Saratu. Saratu ta rasu, kuma tun daga nan duk Lahadi in ya dawo daga coci sai ya kunna, ya ɗora faifan da take so, ya zauna shi kaɗai har yamma. Maƙwabta sun san haka, ba mai yi masa sallama a lokacin.

Ni kuma a sauran ranaku yakan sa mini kaset ɗin makaɗan ƙasarmu. Wallahi ban taɓa jin kalangu ya fito haka daga cikin akwati ba. Na tambaye shi bambancinta da na zamani, ya ce, "Na zamani transisto ne a cikinsu, ba kwalba. Sun fi ƙarfi, sun fi sauƙin ɗauka, ba sa zafi, kana taɓawa suna amsawa. Wannan kuwa tsohuwa ce, sai an lallaɓa ta. Amma ni kunnena da ita ya saba." Maganar da bai wuce minti ɗaya yana yinta ba, ita na ɗauka na mayar ilimina, na dawo Wurno ina rabawa kamar ni na ƙera abin.

To, a majalisarmu akwai Alhaji Ummaru mai albasa. Mutumin kirki ne, sai dai yana son a san ya je kudu. Wannan shekarar ya kai kaya ya dawo da sabuwar amfilifaya mai transisto, baƙa wul, gabanta fitilu kore da ja suna rawa, da sifika biyu kowace ta kai ƙugun mutum. In ya tayar da janareta ya kunna, har tasha ana ji. Kwana uku ba a yi wata hira a majalisa ba sai tata. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya, don an yi kwana uku ba a tambayi Injiniya komai ba.

A rana ta huɗu na gyara zama na ce, "Alhaji, wagga taka ƙara ta kawai. Sauti na ga mai kwalba."

Ya dube ni ya ce, "Mi kac ce? Mai kwalba? Lemu za mu sha?"

Aka yi dariya. Shehu Tela, wanda ba a yin magana ya bar ta ta wuce, ya ce, "Ku saurara dai, Injiniya zai yi muna wa'azi."

Na kuwa yi. Na faɗi abin da Baba ya faɗa mini, na ƙara da abin da bai faɗa ba. Na ce na kwance irinta ya fi sau goma. (Ko sukurun jikinta ban taɓa taɓawa ba.) Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "Tau, ba gardama. Kawo ta. Juma'a bayan la'asar, ɗakina, sifika guda, kaset guda. Malam Buba shi yanke hukunci." Malam Buba tsoho ne da idanunsa suka daina gani, kowa ya yarda fitilu masu rawa ba za su ruɗe shi ba.

Sai a hanyar gida na tuna cewa abin da na yi alkawarin kawowa ba nawa ba ne.

Ranar Alhamis na hau babur na nufi Goronyo. Baba ya saurare ni har na ƙare, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ba na ba da aronta. Ko ɗan cikina in ya zo ba ya taɓa ta." Ban haƙura ba. Na ce ai mutuncinta ne aka taɓa, an ce mata kwalbar lemu a gaban jama'a. Na ce hannuna da hannunsa duk ɗaya ne. Na roƙa, na marairaice, na yi rantsuwa. Daga ƙarshe, ina jin don ya gaji da ni ne ko don yana ƙaunata, ya tashi ya fara cire wayoyi.

"Ka dawo mini da ita ranar Asabar," in ji shi. "Lahadin nan ne ranar da Saratu ta rasu."

"Baba, da hantsi za ka gan ni."

Yana naɗe ta da bargo yana yi mini bayani. Kada in kunna sai na haɗa sifika. In na kunna in jira. Ni kuwa kowace jimla sai in ce, "Na sani, Baba, na sani." Ya ce, "Za ta yi zafi sosai, haka aka yi ta. Iska kawai take so. Ko da ka ga ta yi zafi, kada ka..."

Na katse shi. Na ce, "Haba Baba! Ni da kullum hannuna ke kan inji mai zafi?"

Ya dube ni, ya ƙulle bargon da igiya. Na yi shekaru ina tunanin wannan rabin jimlar da na hana shi ƙarasawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ɗakin Alhaji ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suka tsaya a taga. Zafi ake yi irin na bazara, kowa na fifita da abin da ya samu. Aka zaunar da Malam Buba a tsakiya a kan buzu. Kaset ɗin wani makaɗin noma aka zaɓa. Aka fara da ta Alhaji. Yana taɓa maɓalli ta amsa, kiɗa ya daki ƙirjin kowa, kwanonin da ke kan kabad suka shiga rawa. Gaskiya ta yi, ba zan rage mata ba. Jama'a suka yi ta kabbara, Alhaji na shafa gemu.

Sai tawa. Na cire wayoyin sifika na mayar jikin ta Baba, na yi bisimilla na kunna. Shiru. Na san za ta yi shirun, amma ban san zai yi mini tsawo haka a gaban mutane ba. Shehu Tela ya leƙa ya ce, "Allahu akbar, ta cika a hanya. A kira liman." Dariya ta tashi har waje. Ina tsaye gumi na bin bayana, sai kwalaben suka fara ja, sai kalangu ya taso daga ƙasa a hankali, muryar makaɗin ta biyo baya.

Ɗakin ya yi tsit. Ba ta kai ta Alhaji ƙara ba, kwanoni ba su motsa ba. Amma kana jin yatsan makaɗin a kan fata, kana jin inda yake jan numfashi kafin ya ɗauko baiti. Malam Buba ya karkata kai, ya daɗe a haka. Da waƙar ta kai rabi ya ɗaga hannu ya ce, "Ta hwarko, akwati na ka waƙa, kuma akwati mai kyau. Wagga kau, mutum na zamne gabana."

Jama'a, da a nan na kashe ta na naɗe na tafi, da yau wani labarin nake ba ku. Amma daɗi ya kwashe ni. Na ce a juya kaset. Aka juya. Na ce a kawo wani. Na tsaya kusa da ita na harɗe hannu ina amsa tambayoyi, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Mun fi awa ɗaya a haka, a ɗaki cike da mutane, cikin wannan zafi.

Alhaji, wanda ya sha kaye amma bai ji daɗi ba, ya matso yana dubawa, ya ɗora tafin hannu a kan ragar. Ya fizge da sauri. "Kai! Wagga murhu ta? Injiniya, ka ji zahi kau? In ta ƙone min ɗaki hwa?" Ya taɓa tasa ya ce, "Ku taɓa tawa ku ji, sanyi ƙalau." Mutane suka fara taɓa wannan suna taɓa waccan, ana ta "lalle kam, lalle kam". Na ga nasarata na neman zubewa.

A nan ya kamata in faɗa muku yadda muke yi a fadama. In inji ya daɗe yana aiki cikin rana ya ɗau zafi, mukan tsoma buhun albasa a ruwa mu yafa masa, ya ci gaba da aikinsa lafiya lau. Haka muke yi wa jarkar ruwan sha ma, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ta yi sanyi. Na yi wannan ya fi a ƙirga, bai taɓa ba ni kunya ba. Kuma ga shi a bakin ƙofar Alhaji akwai jarka, an naɗe ta da buhun albasa, yanzu aka jiƙa shi.

Na ce, "Ku ba ni wuri. Wanga aikinmu na." Na warware buhun, na yarfe shi sau ɗaya (sau ɗaya tak, don ina sauri a ga gwaninta), na dawo na shimfiɗa shi a kan ragar da hannu biyu, har ina gyara gefe da gefe kamar mai yi wa jariri shimfiɗa.

Na ji "tsss". Na ji "ƙas", na sake jin "ƙas". Makaɗin yana tsakiyar kalma ya ɗauke. Wani farin hayaƙi ya taso ta cikin buhun, ɗakin ya gauraye da warin albasa da ƙonanniyar waya. Alhaji ya yi tsawa, "Kar ka taɓa! A kashe janareta!" Aka kashe. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba.

Malam Buba ya juyo da fuska ya ce, "Mi anka yi? Wa yak kashe mutumen?"

Shehu Tela ya ce, "Ba kowa, Malam. Injiniya na yay yi mata ban-ruwa."

Wasu sun faɗi ƙasa don dariya. Na taga suka ruga suna ba na waje labari. Ni kuwa na ɗaga buhun na leƙa. Biyu daga cikin manyan kwalaben sun tsage, samansu ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Alhaji kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ba tawa ta ba, ba taka ta ba. Mi za ka ce ma mai ita?"

Ga abin da na fi jin kunyarsa, ya fi buhun nesa ba kusa ba. Ranar Asabar da safe na shanya ta a rana, na goge ta tas, na naɗe da bargon, na kai Goronyo. Na durƙusa gaban Baba na ce wani rami ne na faɗa da babur kusa da kwalbati, na ji ƙara daga baya, kwalaben suka fashe. Har da nuna masa gwiwata wai na gurje.

Ya warware bargon. Ya ɗauko sukuddireba ya kwance ragar, ya sa tabarau ya duba. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani zaren buhu, ya ajiye a kan tebur. Ya sake sa yatsa ya zaro ɓawon albasa ja, ya ajiye kusa da zaren. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Wannan ramin naka," in ji shi, "albasa ake shukawa a ciki?"

Na fashe da kuka, ni da gemuna. Na faɗi komai, tun daga majalisa har buhu. Na so ya zage ni, ko ya kore ni. Ya saurara kawai, ya ce, "Abin da na so in gaya maka ke nan ranar nan. Kwalba mai zafi ba ta haɗuwa da ruwa." Ya ƙara da cewa, "Buhun kuskure ne, ɗana. Ramin ne ya yi mini ciwo."

Washegari Lahadi ban iya zama a Wurno ba. Na je Goronyo ban san abin da zan yi ba, na bi ta bayan gidansa da azahar. Shiru. Ta katanga na hango shi a kan benci a inuwa, da kayan cocinsa, faifan nan a kan cinyarsa, yana shafa bangonsa da babban yatsa. Ban yi sallama ba. Na tura babur ɗina da ƙafa har sai da na yi nisa sannan na tayar.

Alhaji Ummaru, Allah ya saka masa, da ya ji cewa abin ya faɗa a kan ranar rasuwar Saratu, ya sa aka loda tasa a mota aka kai wa Baba, ya ce ya riƙe har a gyara. Baba ya gwada ta Lahadi ɗaya, ya mayar da godiya. Ya ce a gaya wa Alhaji kayansa na da kyau ƙwarai, ba abin da ya rage a waƙar, sai dai ba wannan muryar suka saba ji shi da Saratu ba.

Na shiga neman bawul. Masu gyaran rediyo na Sakkwato suka yi ta yi mini dariya, wai an daina yayinsu tun ina goye. Bazara ta wuce, damina ta zo ta wuce, duk Lahadi ina sane da cewa akwai ɗaki ɗaya a Goronyo da na sa ya yi shiru. Sai bayan kaka wani direba ya ce mini akwai wani tsoho a Rabah da ya taɓa ba da hayar lasifika a wurin biki, yana da matacciyar amfilifaya a rumbu. Na je da tsagaggiyar kwalbar a aljihu, muka gwada lambar jikinta da tasa, suka dace. Ya ce ba ya sayarwa, amma injinsa na ban-ruwa ya yi wata biyu a kwance. Na kwance shi na ɗaure ya tashi, ya ciro kwalabe biyu ya naɗe mini a tsumma. Wannan karon ban ce zan sa da kaina ba. Na kai wa mai gyara na gaske a Sakkwato, na zauna a gefe na rufe bakina.

Ta tashi. Sai dai sifikar hagu ta riƙa wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa wanda da babu shi, kuma mai gyaran ya ce haka za ta zauna.

Ranar da na mayar, Baba ya haɗa wayoyin da kansa. Ya kunna. Shirun nan ya zo, ni kuwa bakina ya fara ƙaiƙayi, na ce, "Baba, ai yanzu sai ta ɗan..."

Ya ɗaga mini yatsa. "Zauna. Ka ga ita, da ta san abin da za ta faɗa ma, sai ta jira tukuna."

Na zauna. Kwalaben suka yi ja, waƙar ta taso, gurnanin na biye da ita ta hagu. Na ce masa wannan gurnanin ba zai tafi ba. Ya ce ya ji, ba komai, ya sa masa suna. Na ce wane suna? Ya ce, "Injiniya."

Bayan shekara biyu ya yi ritaya ya koma garinsu da amfilifayarsa. Tsagaggiyar kwalba ɗaya ya bar mini, tana cikin akwatin kayan aikina har yau, tsakanin sifana da filaya. In yau ka tambaye ni wace ta fi, mai kwalba ko mai transisto, zan ce maka mai transisto ta fi ƙarfi da haƙuri, mai kwalba ta fi daɗi a kunnen wanda ya saba da ita, kuma iyakar sanina ke nan, shi ma aro na yi. Abin da na sani da kaina guda ɗaya ne. Duk lokacin da wani ke yi mini bayani na ji "na sani" ta taso mini a maƙogwaro, sai in ji warin albasa, sai in haɗiye ta in bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa.